Suna Neman Hannunsa, Suna Tambayar Takardarsa

Kusan duk ƙasar da ta yi arziki kuka ɗaya take yi a yau: masu sana'ar hannu sun yi ƙaranci. Masu walda sun tsufa, birkiloli suna ajiye aiki, 'ya'yansu sun tafi jami'a, ba mai sha'awar riƙe guduma. A shekarar 2021 shugaban hukumar samar da aikin yi ta Jamus na lokacin, Detlef Scheele, ya fito ya ce ƙasarsa tana buƙatar baƙin ma'aikata kusan 400,000 duk shekara. Kanada ta ware wa masu sana'ar hannu ƙofar shiga tasu tun watan Janairun 2013. Japan ma, da aka sani da rowar buɗe ƙofa, ta fito da bizar ƙwararrun ma'aikata a Afrilun 2019. Wanda ya ji waɗannan labarai zai zaci mai wayarin ko mai aikin famfo da ya goge ba abin da ya rage masa sai ɗaure kaya. Amma ka tambayi waɗanda suka gwada. Mutum ya shekara goma sha biyar yana haɗa bututu, ya yaye yara da dama, a ce masa bai cika sharaɗi ba. Wani kuma da bai taɓa riƙe sifana ba, don yana da kuɗin biyan dillali, ya hau jirgi da bizar makaniki.

An saba ɗora laifin a kan dillalai da 'yan damfara, kuma sun cancanci duk tsinuwar da ake yi musu. Sai dai ni a ganina tushen matsalar yana cikin dokokin ƙasashen nan da ke kukan rashin ma'aikata. Suna auna gwanintar mai sana'a da takardar makaranta, maimakon su sa shi aiki su gani. In kuma sun ba shi izini, sai su damƙa izinin a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Muddin abubuwan nan biyu suna nan, ko an kama dillali dubu yau, gobe wasu dubu za su tsiro.

Akwai abin da ke rikita mutane tun daga farko. Abu uku ne daban-daban ake haɗawa wuri ɗaya a kira su "takardu". Akwai aikin kansa, wato wani kamfani ya ce yana son ka. Akwai biza ko izinin aiki, wanda hukumar shige da fice ke bayarwa. Sai lasisin sana'a, wanda ba ruwansa da shige da fice. Wata hukuma ce daban, sau da yawa ta jiha ko ta lardi, ke cewa an yarda ka taɓa wayar wuta ko bututun gas a gidan mutane. Mutum yana iya samun biyun farko ya rasa na uku. A Birtaniya wanda sunansa ba ya cikin rajistar Gas Safe ba shi da ikon yin aikin gas, komai kyan bizarsa. A Kanada kowane lardi ne ke tsara nasa, kuma a Ontario aikin wuta da aikin famfo suna cikin sana'o'in da ba a yi sai da shaidar ƙwarewa. A Jamus kana iya yi wa wani aiki, amma buɗe shagon kanka a sana'o'i 53, ciki har da aikin wuta da gini da kafinta, sai da shaidar Meister, wato babban gwani, ko abin da aka yarda ya kai ta. Dillali ba zai gaya maka wannan ba, shi biza yake sayarwa. Sai ka sauka ka tarar kai ɗan aike ne a ƙarƙashin yaron da ya kamata kai ka koya wa aiki, ana biyan ka albashin lebura.

Ba na cikin masu cewa lasisin nan duk raini ne da wariya. Yana da dalili, kuma duk mai sana'a na gaskiya ya san dalilin. Wanda ya koyi wayarin a kan tsohon tsarin Ingila ya san jar waya ce mai wuta, baƙa kuma nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta. A Amurka da Kanada baƙar ita ce mai wuta, fara ce nutural. A Turai ta yau mai ruwan ƙasa ce ke ɗauke da wuta, shuɗiya ce nutural. Mutumin da hannunsa ya saba shekara ashirin yana kama baƙar waya ba tare da tunani ba, sabon nan kaɗai ya isa ya kashe shi a ranar farko. Ga bambancin ƙarfin wutar, volt 230 a wasu ƙasashe, 120 a wasu. Mai aikin famfon da bai taɓa ganin ruwa ya daskare ya fasa bututu ba, dole ya koyi zurfin da ake binne shi a ƙasar ƙanƙara. Kafintan da ya saba da gidan bulo zai tarar da gidajen da katako ne ƙashin bayansu. Saboda haka a ce baƙo sai ya koyi ƙa'idar wurin, ya zauna jarrabawa a kanta, wannan babu zalunci a ciki. Ostireliya ta kama hanya mai ma'ana a nan: mai aikin wuta da ya ci gwajin ƙwarewa tun yana ƙasarsa ana ba shi shaida ta musamman, ya iso ya karɓi lasisin wucin gadi, ya yi aiki ƙarƙashin mai cikakken lasisi yana cike abin da ya rage masa na ƙa'idar ƙasar, sannan a sakar masa mara.

Inda nake da ja shi ne matakin da ke gaban wannan, wato yadda ake tantance ko mutum mai sana'a ne tun asali. Akasarin masu sana'ar hannu a ƙasashe masu tasowa ba a aji suka koya ba. A shagon maigida suka koya. Yaro ya fara da share-share da miƙa kaya, a hankali a bar shi ya ɗaure noti, bayan shekara biyar ko bakwai a yaye shi. Babu rajista, babu jadawalin darussa, babu hatimin gwamnati. Shaidarsa ita ce ƙofofin da ya haɗa da injinan da ya tayar. Tsarin tantancewa na Turai kuwa an gina shi ne don wanda ya fito daga makaranta.

Dubi Jamus, tunda ita ta fi kowa kuka. Tun Afrilun 2012 ta yi dokar da ta ba kowane baƙo 'yancin a duba shaidar sana'arsa a kwatanta ta da ta Jamus. Majalisar masu sana'ar hannu ta yankin ce ke ɗaukar takardunka, ta ajiye su kusa da tsarin horon Jamus, wanda a irin waɗannan sana'o'i yakan ɗauki shekara uku zuwa uku da rabi, ta duba awa nawa ka yi a kan me. A Maris 2020 aka kawo dokar shigo da ƙwararru, aka sake sassauta ta a 2023. Daga Maris 2024 wanda ke da gogewar shekara biyu a cikin biyar da suka wuce yana iya shigowa ba tare da an gama waccan kwatantawa ba. A Yunin 2024 aka ƙara da katin Chancenkarte, wanda ke ba mutum damar zuwa ya nemi aiki har shekara guda, yana ɗan aikin awa 20 a mako. Duk wannan ci gaba ne. Amma karanta ƙananan sharuɗɗan: ko ta wace ƙofa, ana so ka zo da shaidar horo na aƙalla shekara biyu wadda gwamnatin ƙasar da ka yi horon ta amince da ita. Akwai wani gwaji na aiki da ake yi wa wanda takardunsa suka ɓace, misali ɗan gudun hijira, amma shi ma an yi shi ne don wanda ya taɓa samun takardar. Wanda maigida ya yaye, ko da ya fi kowa a garinsu, a bakin ƙofa yake tsayawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne doka ɗaya ce ta cire wannan sharaɗi ga masu aikin kwamfuta. Mai rubuta manhaja yana iya shiga Jamus da gogewa kaɗai, ba digiri ba satifiket. Wato an yarda mutum yana iya koyon rubuta manhaja a ɗakinsa har ya ƙware, amma ba a yarda zai iya koyon walda a gaban gwani na shekara bakwai ba. Alhali a cikin biyun nan, waldar ce ta fi sauƙin gwadawa.

Duk wanda ya taɓa ganin gwajin masu waldar bututu ya san abin da nake nufi. Akwai wanda ake kira 6G. A kafa bututu a karkace, digiri 45, a ɗaure shi yadda ba ya juyawa. Mai walda ne zai zagaya shi: ya fara daga ƙasa inda narkakken ƙarfe ke son zubo masa, ya hau gefe, ya ƙare a sama, hannu yana sauya kwana ba tare da layin ya yanke ba. In ya gama, ba wanda zai tambaye shi makarantar da ya yi. A ɗauki hoton cikin waldar da na'ura, ko a yanko yanki a lanƙwasa shi a ga ko zai tsage. In akwai rami ko datti a ciki, ya faɗi. In babu, ya ci. Yini ɗaya ya isa. Masana'antar mai da ta ƙera jiragen ruwa sun daɗe da wannan, shi ya sa mai walda mai shaidar cin irin wannan gwaji, kamar ta ISO 9606 ko ta ASME, yake yawo ƙasa-ƙasa. Har ma ana sake tabbatar da shaidar duk bayan wata shida, don an san hannun da ya daina aiki yana mantuwa. Me zai hana a yi irin haka ga mai tayil, da makaniki, da mai gyaran firji? A ba shi injin da aka lalata da gangan, a tsaya ana duba agogo a ga ko zai gano cutar. Gani ya kori ji.

Kuma ba wai ba a yi ba. Saudiyya ta fara shirin tantance ƙwarewar masu sana'a a 2021, daga baya ta kai gwajin har ƙasashen da ma'aikatan ke fitowa, irin su Pakistan da Indiya da Bangladesh: a yi na rubutu, a yi na hannu, kafin a buga biza. Japan ma tana yin jarrabawar sana'a da ta harshe a wajen ƙasarta. Ostireliya tana karɓar wanda bai yi makaranta ba, in ya kawo shaidar aikin shekara biyar, ko shida a sana'o'in da ke buƙatar lasisi, sannan a yi masa tambayoyin sana'a baki da baki. Kanada ma tana barin gogagge ya zauna jarrabawar ƙwarewa ba tare da ya sake koyo daga farko ba, in ya nuna yawan awannin da ya yi yana aiki. A jarrabawar sana'a ta Red Seal, wadda lardunan Kanada ke karɓa, kashi 70 cikin ɗari ake nema. Sai dai ko a nan takarda ta sake dawowa ta bayan gida. Shaidar aikin da suke nufi ita ce takardar albashi, bayanan banki, shaidar haraji, wasiƙar kamfani mai adireshi da lambar waya. Mutumin da duk rayuwarsa a hannu ake biyan sa, ina zai samo su? Ga Kanada kuma sau da yawa sai ka je lardin da kanka kafin a gwada ka, kuma ba ka zuwa sai da biza. Ana neman shaidar don a ba ka biza, ana neman biza don ka je ka samo shaidar.

A irin wannan tsaka mai wuya ne dillali yake cin abinci. Gwani ba shi da takarda, sai a buga masa ta jabu. Wanda ba gwani ba ma a buga masa irinta. Jami'in da ke duba takardu ya ga jabu ta yi yawa, sai ya ƙara tsanani a kan kowa. Mai gaskiya ne yake shan wahala a ƙarshe, domin shi ne ba zai iya ƙarya da kyau ba.

Yanzu a ce mutum ya tsallake duk wannan, ya samu aiki, ya samu biza. A nan ne matsala ta biyu take jiran sa, kuma ta fi ta farko muni. A yawancin ƙasashe izinin aikin baƙo ɗaure yake da sunan kamfani ɗaya. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kafala ake kiran sa, kuma shi ya fi yin ƙaurin suna. Amma a cire sunan a duba yadda abin yake aiki, za a ga irinsa a ƙasashen da ke sukar kafala. A Birtaniya bizar ƙwararren ma'aikaci a kan takardar ɗaukar nauyi ta kamfani take tsaye. In aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. A Kanada izinin ma'aikacin wucin gadi yakan zo da sunan mai aikin a rubuce a jikinsa. A 2023 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya ziyarci Kanada ya ce wannan shiri matattara ce da bautar zamani ke iya tsira a cikinta. Japan ta shafe shekaru tun 1993 da shirin "masu koyon aiki" waɗanda ba su da damar sauya wurin aiki, har sai a 2024 ta yi dokar maye gurbinsa.

Ka kwatanta yadda abin yake a zahiri. Mutum ya sa hannu a kwantiragi a ƙasarsa: aikin walda, albashi kaza, awa takwas. Ya sayar da injinsa, ya ci bashi, ya biya dillali. Ya sauka, a kai shi masauki, a karɓi fasfonsa "don ajiya". Washegari a ajiye masa wata takarda da harshen da ba ya karantawa, albashin ya ragu, aikin ya koma ɗaukar siminti. In ya ƙi sa hannu, ina za shi? Bashi yana jiran sa a gida, izininsa kuma yana aljihun mutumin da ke miƙo masa biro. Sai ya sa. Bayan wata uku albashi ya fara jinkiri, ya yi shiru. Ya ga ana aiki a sama ba igiyar kariya, ya yi shiru. A ƙasarsa, da maigida ya yi masa haka, da ya tattara kayan aikinsa ya koma wani shago, domin ƙarfin mai sana'a ke nan: hannunsa nasa ne, yana iya tafiya da shi. Izinin da aka ɗaure da kamfani ɗaya wannan ƙarfin yake karɓewa. Ya zama kamar akuyar da aka turke, iyakar kiwonta tsawon igiyarta.

Kuma duk inda mutum ɗaya yake riƙe da makullin shigar wani, makullin zai zama hajar sayarwa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, ta shekarar 1997, ta ce kada kamfanonin samar da aiki su karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci. Ostireliya ta haramta biya ko karɓar kuɗi don ɗaukar nauyin biza tun 2015. Duk da haka ana saye ana sayarwa. A Kanada cinikin takardar tayin aiki ya yi ƙamari har gwamnati ta soke ƙarin makin da takan ba mai tayin aiki a Express Entry, tsarinta na zaɓen masu neman zaman dindindin, a Maris 2025. A Birtaniya, bayan an buɗe bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a 2022, gwamnati da kanta ta ce ta ƙwace lasisin ɗaukar nauyi fiye da 470 a wannan fanni tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Ba sana'ar hannu ba ce irin wadda nake magana a kai, amma makullin ɗaya ne. Kamfani ya yi laifi, an hukunta shi, ma'aikatan da suka biya kuɗi suka zo su ne suka wayi gari ba aiki, izininsu yana lilo.

Masu kamfanoni suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa: mu muka biya kuɗin jirgi, da na biza, da na lauya, da na horo, in mutum yana iya gudu bayan wata biyu zuwa wanda ya ƙara masa 'yan kuɗi, wa zai sake ɗauko kowa? Gaskiya ne. Amma wannan magana ce ta kuɗi, kuma da kuɗi ake warware ta: sabon mai ɗauka ya maida wa na farko kasonsa, ko a raba kuɗin gwamnati a riƙa biya wata-wata maimakon a dunƙule. Ba sai an riƙe zaman mutum a ƙasa a matsayin jingina ba. A ɗaure izinin da sana'ar, ko da yankin da ake buƙatar sa in an ga dama. Ƙasa ta ce tana neman masu walda, to ta ba mai walda izinin walda, ya yi wa duk wanda ya fi riƙe shi da mutunci. Bizar Japan ta 2019 haka take, mutum yana iya sauya kamfani a cikin fanninsa. Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai aiki kafin sauya aiki a 2020, ta kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ban da kuɗin masauki da abinci, ko da yake tsakanin doka da aiwatarwa akwai tazara. Saudiyya ta sassauta nata a Maris 2021, amma ta bar masu aikin gida a waje. Ostireliya ta ƙara wa'adin neman sabon mai ɗaukar nauyi daga kwana 60 zuwa 180 a Yulin 2024, tare da barin mutum ya yi wani aikin a tsakani. Ba ɗaya daga cikinsu da ta rasa ma'aikata saboda haka. Ma'aikaci ɗan ƙasa ma yana amfana, domin baƙon da ba ya iya cewa a'a shi ne ake karya farashin aiki da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ƙofofin nan siyasa ce ke buɗe su, ita ce kuma ke rufe su, ba tare da sallama ba. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema don bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024. A Yulin 2025 ta sake ɗaga shi zuwa 41,700, ta kuma maida matakin ƙwarewar da ake so ya koma na mai digiri. Wasu sana'o'in hannu sun tsira ne kawai a wani jerin wucin gadi, kuma wanda ya shiga ta nan ba ya zuwa da iyali. Mutumin da ya shekara biyu yana shiri a kan tsohon sharaɗi, dare ɗaya shirinsa ya rushe. Ƙasa tana da ikon tsara iyakarta, ba na musu. Amma a ce ana son hannun mutum ba a son matarsa da 'ya'yansa, wannan ya nuna irin zaman da ake nufi ya yi.

Su kuma ƙasashen da ma'aikatan ke fitowa, nasu sakacin ba ƙarami ba ne. Filifin ta gane tun da wuri cewa mutanenta za su fita ko an so ko an ƙi, sai ta kafa hukumar kula da aikin ƙetare a 1982, ta kafa TESDA a 1994, wadda ke gwada mai sana'a ta ba shi shaidar ƙasa ko da a bakin aiki ya koya. Koriya ta Kudu tun 2004 take ɗaukar ma'aikata ta yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, abin da ya rage wa dillalai wurin tsayawa, ko da yake ita ma ba ta sakar wa ma'aikaci damar sauya aiki yadda ya kamata ba. Ƙasar da ba ta da hanyar da wanda maigida ya yaye zai je a gwada shi a ba shi shaidar da ake girmamawa, ita ta miƙa shi ga mai buga jabu. Wasu za su ce ai sauƙaƙa fita kwashe gwanaye ne, a bar gida da 'yan koyo. Damuwar tana da tushe. Amma rashin takarda bai taɓa hana kowa fita ba. Abin da yake yi shi ne ya sa gwani ya fita a matsayin lebura, ko ya bi hamada da teku. Kuma shaidar da ke buɗe masa ƙofa a waje ita ce za ta ɗaga darajarsa a gida, inda mai gini zai san wa ya ɗauka.

Kafin gwamnatoci su farka, mai sana'ar da ke da niyyar fita yana da abin da ke hannunsa, kuma ba kuɗin dillali ba ne. Tarihin aikinsa ne, wanda ba a haɗa shi a mako ɗaya. Ya sa a riƙa biyan sa ta banki ko da wani ɓangare ne. Ya karɓi wasiƙa daga maigidansa tun maigidan yana raye, mai ɗauke da shekarar da ya fara, da wadda aka yaye shi, da ayyukan da yake yi dalla-dalla, domin "yaron kirki ne" ba ta cika wani sharaɗi. In akwai gwajin sana'a na gwamnati a ƙasarsa, ya je ya yi, ko da yana ganin ya fi mai gwada shi. Sai harshe, wanda masu sana'a suka fi rainawa kuma ya fi kayar da su. Kanada, a ma'auninta na iya Ingilishi ko Faransanci, tana neman mataki na 5 a magana da saurare, na 4 a karatu da rubutu. Katin Chancenkarte na Jamus yana son aƙalla Jamusanci na matakin farko, A1, ko Ingilishi mai ɗan zurfi, na B2, wurin aiki kuwa ya fi haka buƙata, domin wanda bai ji an ce "kashe wuta" ba haɗari ne ga kowa. Birtaniya tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi a shafin gwamnati, kowa yana iya dubawa kyauta kafin ya ba wani ko sisi. Wanda kuma ya ce maka ka shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta ziyara, in ka isa za a juya ta ta koma ta aiki, a yawancin ƙasashe doka ba ta yarda da hakan ba, kuma ranar da aka kama, sunanka ne a fasfon.